Leitu da Mabuɗin Akwatin Dangi

Duk wanda ya taɓa aiki a kamfanin kifin gwangwani da ke bakin tashar jiragen ruwa ta Pago Pago ya san Leitu, ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan ta tebur na shida, mai tabon wuƙa a bayan hannun hagu, wadda mata kan yi layi a gabanta lokacin hutun rana, kowacce riƙe da kwalbar maganinta. Sai ta karɓi kwalba, ta ɗan nesanta ta da ido, ta ce wannan kafin abinci ake sha, wannan kuwa kada ki kuskura ki haɗa shi da wancan. In likita ya yi rubutunsa na tafiyar tsutsa, ita ke warware shi. Ba ta taɓa karɓar ko sisin kowa ba. In an yaba mata, amsarta ɗaya ce: ai da tana da ƙwaƙwalwa da ba a nan aka same ta ba. Daga nan sai ta mayar da safar hannunta, ta koma cire wa kifi ƙaya.

Shekara ashirin da uku ta yi tana faɗin wannan magana, ta yarda da ita har cikin ranta, alhali kuwa ƙarya ce. Ba ita ta ƙirƙiro ƙaryar ba, ɗinka mata aka yi, aka sa mata ba ta sani ba.

A tsibirinmu gidaje ba su da lamba, babu mai kai wa kowa wasiƙa ƙofar gida. Kowane dangi da akwatinsu ɗaya a gidan waya na cikin gari. Dangin Leitu, mutum sittin da ɗoriya a ƙauyen Olotai, akwati ɗaya ne gare su da mabuɗi ɗaya, mabuɗin kuma yana hannun wanda ke shiga gari kullum, wato yayanta Mareko, direban bas ɗin dangi. A zobe ɗaya yake rataye da makullin motar. Da rana ya tsaya ya kwaso wasiƙu, da yamma ya raba wa masu su ta taga, yana tsokanar kowa. Babu wanda ya taɓa tunanin akwai wani aibu a wannan tsari, don tun zamanin kakanni haka ake yi.

Mareko ya girmi Leitu da shekara biyar. Teku ya cinye ubansu tun tana 'yar aji biyu, saboda haka shi ya zame mata uba. Mutanenmu kan ce 'yar'uwa ƙwayar idon ɗan'uwanta ce, kuma a da in ana neman misali Mareko ake nunawa. Ba ya cin abinci sai ta ci. Kujerar gaba ta bas tata ce, ko fasto ya shigo sai dai ya zauna a bayanta. In ta buɗe littafi a cikin mota sai ya rage kiɗa, fasinjoji su yi ta gunaguni, ya ce musu su yi haƙuri, Farfesa tana aiki. Tun tana 'yar shekara takwas yake kiranta da wannan suna, ita kuma ta harare shi, tana jin daɗi.

A shekarar 1984 ita ce ta ɗaya a duk makarantarsu ta sakandare, kuma ba da ƙaramar rata ba. Wata malamarsu Ba'amurkiya, Malama Oleson, ta zaunar da ita ta sa ta cike fom na jami'o'i uku a can babbar ƙasa, wato Amurka. Biyu daga ciki dai sambarka, amma ta ukun, wata jami'a a jihar Oregon, ita ce abin hari. Wannan jami'ar takan ɗauki nauyin karatun ɗaliban da suka yi fice gaba ɗaya, da wurin kwana da abinci, ba don iyayensu talakawa ne ba, sai don makinsu. Leitu ilimin haɗa magunguna take so. Malamar ta koya mata abubuwa biyu: ambulan mai kauri na nufin an ɗauke ki, siriri na nufin a yi haƙuri, sannan in an ɗauke ki, dole amsarki ta isa kafin ɗaya ga watan Mayu, in ba haka ba a ba wa wani. Malamar ba ta ga ƙarshen abin ba, don kwantiraginta ya ƙare a watan Fabrairu, ta koma ƙasarsu.

A watan Janairu na wannan shekarar ne ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da mahaifiyarsu, Sieni, tana cikin kankare kwakwa. Ta tashi babu baki, babu hannun dama, babu ƙafa. Namiji a wurinmu ba ya ganin jikin uwarsa, balle ya yi mata wanka. Matar Mareko kuwa amarya ce 'yar wani ƙauye, ga tsohon ciki. Don haka hidimar ta faɗo kan Leitu: ta juya ta da safe kafin ta tafi makaranta, ta dawo ta wanke ta, ta ba ta ayaba dafaffiya da cokali. Ba ta taɓa ƙorafi ba.

Duk da haka, kullum ƙarfe biyar na yamma tana bakin titi. Bas ya tsaya, ta kalli fuskar Mareko. A watan Maris siraran ambulan biyu suka zo, ta karanta, ta ce ba komai, dama ta Oregon take jira. Maris ya ƙare. Afrilu ya shigo, tana fitowa, shi kuma yana girgiza kai ba tare da ya haɗa ido da ita ba. Ranar biyu ga Mayu ba ta fito ba, kuma ba ta sake tambaya ba. Ta gaya wa kanta cewa mutanen can sun duba takardunta sun ga ba ta ma isa a ɓata mata kan sarki ba. A cikin wannan watan ne Mareko ya daina kiranta Farfesa. Ta lura, ta ce a ranta tausayinta yake ji, ƙaunarsa ta ƙaru a zuciyarta.

Sieni ta rasu ranar tara ga Disamba. Aka binne ta a ƙofar gida yadda muke yi, aka rubuta kwanan watan a kan siminti. Bayan Kirsimeti da sati biyu Leitu ta sa takalmin roba da rigar leda, ta tsaya a tebur na shida.

Akwai abin da ya riƙa ɗaure mata kai tun daga lokacin. Mutanen Olotai suka ɗauki wani irin girma suka ɗora mata wanda ya fi shekarunta. A wurin biki tsofaffin mata su tura mata kwanon farko. A coci aka sa ta a gaba cikin ƙungiyar mata tun kafin ta yi aure. In ana hirar ɗan wane da ya tafi karatu Honolulu, da ta shigo sai a canza magana. Ita dai ta ɗauka tausayi ne irin wanda ake wa mai faɗuwa jarrabawa, abin yana ƙona mata rai, tana haɗiyewa. Ƙauyen nan fa, in kazarka ta yi ƙwai da safe, kafin rana ta take an ji a ƙarshen gari har da launin ƙwan. Amma bakuna sittin suka iya riƙe magana ɗaya shekara ashirin da uku. Wanda ya ce mutanenmu ba su iya rufa asiri ba bai san su ba. Sun iya sarai, in asirin na cutar wani ne ba su ba.

Ta auri Toma, wani mai walda a tashar jiragen ruwa, mutum mai sanyin hali wanda bai daɗe ba, ciwon zuciya ya ɗauke shi. Ya bar mata 'ya ɗaya, Penina. Yarinyar ta ɗauko tsayin uwarta, ta kuma ɗauko ƙwaƙwalwarta. Da ta kai ajin ƙarshe a 2007 ita ma ta zama ta ɗaya, ita ma aka sa ta cike fom, har da na wata jami'a da ke ba da cikakken tallafi ga masu maki. A nan ne Leitu ta yi abin da har yau in ta tuna take jin ɗaci a bakinta. Maimakon ta ƙarfafa wa yarinyar gwiwa, sai ta riƙa yayyafa mata ruwan sanyi. Ta ce ta cika dai tunda malamai sun ce, amma kada ta sa rai, mutanen nan ba sa amsa wa irinmu. Har ta je ta yi wa shugabar layinsu magana, a ajiye wa Penina wuri a tebur na shida. A ganinta kare 'yarta take yi daga irin dukan da ta sha.

Penina ba ta ji ba. Ƙarfe biyar tana bakin titi, daidai inda uwarta ta tsaya a da, tana jiran bas ɗin kawunta, wanda yanzu furfura ta cika masa kai, ciwon suga kuma ya fara taɓa masa ƙafa. Mabuɗin yana nan a zoben. Afrilu ya yi rabi babu labari.

Ana cikin haka Kawu Falaniko, shugaban dangi, ya rasu yana da shekara tamanin da takwas. Shi ne ƙanin kakansu, amma kowa Kawu yake ce masa, kuma tun Leitu ba ta san kanta ba maganarsa ce doka a Olotai. Mutuwar shugaba ba ƙaramin aiki ba ce. Kwana tara ana shigowa da tabarmin girma da kwalayen naman gwangwani, ana gasa gwaza da alade, 'yan waƙar coci suna zuwa ƙungiya ƙungiya. Leitu ta ɗauki hutu, ta tsaya a kan tukwane.

Ranar Asabar aka yi jana'iza. Aka ɗauko tsohon faston ƙauyen, Fasto Eteuati, wanda ya daɗe da yin ritaya, kunne ya yi nauyi, tunani kuma ya fara zubewa. Aka riƙe shi ya hau mumbari. Ya yabi mamaci, ya ce itace da 'ya'yansa ake gane shi, kuma Falaniko ya reni yara masu sanin hidima. Sai ya ɗaga sandarsa ya nuna layin mata.

Ya ce, "Ga Leitu nan zaune, 'yar Sieni. Yaran yanzu ba su sani ba. Wannan da kuke gani, jami'ar Amurka ta aiko mata takarda mai kauri haka, komai kyauta, har kuɗin jirgi. Yarinyar nan ta duba uwarta a kwance, ta ce ba za ta je ba. Da keken rubutun cocin nan aka buga amsarta. Wa ya koya mata wannan hali in ba Falaniko ba?"

Mafici ne a hannun Leitu, tana fifita wata tsohuwa. Hannun ya tsaya. Da farko ta ɗauka rikicin tsufa ne, har ta juya don ta haɗa ido da wata su yi murmushi. Sai ta ga babu mai murmushi. Matan da suka yi makaranta tare sun sunkuyar da kai suna gyara zani. Matar Mareko tana kallon silin. Ta bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya tana neman mutum ɗaya tak da zai nuna mamaki, ba ta samu ba sai a fuskar Penina. Can a layin maza ta hango ƙeyar Mareko, gumi na gangarowa cikin wuyan farar rigarsa.

Ba ta yi kuka ba, ba ta tashi ta fita ba. Ta ci gaba da fifita tsohuwar har aka gama. Ta raba abinci ranar nan, ta wanke tukwane ranar Lahadi bayan coci, kowa na kaffa-kaffa da ita kamar mai ɗauke da tafasasshen ruwa. Penina ta tambaye ta sau biyu, Leitu ta ce mata ta bari tukuna.

Ranar Litinin da safe ta shiga bas, ta zauna a kujerarta ta gaba. Aka zo ƙofar kamfani, abokan aikinta suka sauka, ita ko motsi ba ta yi ba. Mareko ya ɗan jira, ya ja mota. A bayan kasuwa fasinja na ƙarshe ya ƙwanƙwasa rufi ya sauka. Ya rage su biyu.

Ya ce, "Kin wuce wurin aikinki."

Ta ce, "Na sani. Kashe kiɗan nan, Yaya." Da ya kashe ta ce, "Wa ya buga amsar?"

Ya murza sitiyari da tafin hannu. Ya ce Kawu ne ya faɗi abin da za a rubuta, shi kuma Mareko ya buga. Ta tambayi wanda ya sa hannu. Ya ce shi ne. Ai ya san yadda take jan sunanta, shekara nawa yana ganinsa a bangon littattafanta. Daga nan bakinsa ya buɗe. Wasiƙar ta zo ranar huɗu ga Afrilu. Ya ji kaurinta, ya yi murna har ya kusa kaɗe kare a hanya, amma al'ada ta ce babban labari shugaba ake fara kai wa. Kawu ya tara maza a ranar da ita ta kai Mama asibiti. Tambaya ɗaya ya yi: in yarinyar nan ta tafi, wa zai wanke Sieni? Sai Kawu ya ce a rubuta cewa ta gode ba za ta zo ba, a gaya wa gari ita ta zaɓa da kanta, a kuma ja wa kowa kunne kada ya tayar mata da maganar, don tana sosa mata rai. Ko fasto haka aka gaya masa.

Leitu ta saurara har ya gama. Abin mamaki, sai ta ji fushin ya fara sassautawa, don ta san yadda ɗakin nan yake in Kawu na magana, ta kuma san Mareko ɗan shekara ashirin da uku ne a lokacin.

Ta ce, "Da kun tambaye ni, da na zauna. Uwata ce. Kana ganin zan bar ta a kwance in hau jirgi? Da na zauna da bakina, da yabon da aka yi mini shekaranjiya nawa ne. Yanzu ko shi ba nawa ba ne."

Ya ce ya sani. Ya sunkuya ya jawo jakar ledar da yake ajiye takardun mota daga ƙarƙashin kujera. Ya ce bas uku ya canza, bai iya ƙona wasiƙar ba. Ya zaro ambulan mai kauri, gefensa duk ya yi ja don tsufa, ya miƙa mata. Tana karɓa sai ta ga gefen wani ambulan siriri mai irin tambarin ya leƙo daga cikin jakar, ta kuma ga babban yatsansa yana tura shi ciki. Ta miƙa hannu kawai. Ɗan'uwa ba ya hana 'yar'uwarsa abin da ta miƙa wa hannu. Ya ba ta.

Wasiƙar gajeriya ce, an rubuta ta a watan Yuni na 1984. Leitu ta ɗan nesanta ta da ido yadda take wa kwalaben magani. Jami'ar ta ce ta samu amsarta, ta fahimci halin da mahaifiyarta ke ciki, kuma hakan ya ƙara mata daraja a idonsu. Saboda haka sun ajiye mata gurbinta da tallafinta gaba ɗaya har zuwa watan Agusta na shekara mai zuwa. Layi ɗaya kawai suke so ta rubuto in ta shirya.

Ba ta buƙaci ta yi dogon tunani ba, kwanan watan yana rubuce a ƙofar gidanta, kullum a kansa take shanya wanki. Tara ga Disamba. Daga nan zuwa Agusta wata takwas ne. Wata takwas babu mara lafiya a gida, babu mai buƙatar wanka, tana tsaye a tebur na shida tana cire ƙaya, gurbinta na can yana jiranta, takardar kuma tana ƙarƙashin kujerar da ke kusa da tata kowace safiya.

Ta ce, "Wannan ma Kawu ne ya ce?"

Ya ce, "Kawu bai ma san da ita ba."

"To wa?"

Ya ce, "In na ba ki ta biyun, sai kin tambayi ta farkon, ƙanwata. Na ɗauko ta ranar da muka rufe Mama. Na ɗauko ta ranar da kika fara aiki. Sai in tuna yadda za ki kalle ni." Ya share fuska da gefen zaninsa, irin wanda mazanmu ke ɗaurawa. "Yadda kike kallona yanzu."

A gaskiya wannan ce ta kashe ta. Ta farkon dangi ne suka yi, da tsoro da al'ada da uwa a kwance, kuma mutum zai iya samun inda zai ajiye ta a zuciyarsa. Ta biyun kuwa babu Kawu, babu Mama, babu kowa sai mutum ɗaya da ya auna rayuwar ƙanwarsa da kyakkyawan zaton da take masa, ya ga zaton ya fi masa tsada. Shekara ashirin da uku yana ajiye mata kujerar gaba, yana jira ta ci kafin ya ci, ita kuma tana yi wa Allah godiya da ya ba ta irin wannan ɗan'uwa. Ta ji kunyar kanta, ta ji wauta, ta ji an ci amanarta tun daga tushe.

Ta ninke wasiƙar a hankali. Can wani tunani ya faɗo mata.

Ta ce, "Ta Penina fa?"

Bai yi gardama ba. Ya sauke marfin kare rana da ke saman gilashi, wani farin ambulan mai kauri ya zamo kan cinyarsa. Ya ce Allah ya sani ana gobe Kawu zai rasu ta zo, hidima ta sha kansa, dama yau yake niyyar ba ta. Da ya tsaya nan da ya fi masa. Amma sai ya ƙara da ƙaramar murya cewa ya dai yi tunanin Leitu ne, ita kaɗai za ta rage a gida, ga gwiwoyinta sun fara ciwo.

Wataƙila da gaske yau ɗin zai bayar. Leitu ba za ta taɓa sani ba, kuma ta gane cewa daga yau babu wata maganarsa da za ta iya sani. Ta duba kwanan wata. Saura kwana takwas ɗaya ga Mayu, jirgin da ke kwasar wasiƙu kuma ranar Alhamis zai tashi.

Ta miƙe. Ta sa hannu ta ƙwanƙwasa rufin mota sau biyu yadda baƙi ke yi in za su sauka, ko da yake motar a tsaye take. Ta ciro tsabar da take maƙalewa a kunne don sayen shayi, ta ajiye masa a gaban mota. Tunda aka haife ta ba ta taɓa biyan kuɗin wannan bas ba. Mareko ya kalli tsabar, ya kira sunanta sau ɗaya, ta sauka.

Da takalmin roba ta taka har makarantar su Penina, ta sa aka fito da ita daga aji. Ba ta ba ta ambulan ba sai da suka isa gidan waya. A kan bencin waje yarinyar ta buɗe, ta karanta layin farko, ta rufe baki da hannu. An ɗauke ta, komai da komai, shekara huɗu.

Leitu ta ce, "Kina so ki je?"

Penina ta kalli gwiwoyin uwarta. Ta ce, "Ke fa, Mama?"

"Ba ni na tambaya ba. Ke nake tambaya, kuma da bakinki nake so in ji."

Ta ce, "Ina so."

"To sa hannu. Da hannunki."

Ta tsaya a kanta har ta sa. Ta tsaya a gaban ma'aikacin har ya buga hatimi, ta leƙa ta ga ya jefa wasiƙar cikin buhun jirgi. Kafin su fita ta kama sabon akwati da sunan Penina, ta zura mabuɗin a igiyar wuyanta. A hanyar komawa ta ba yarinyar haƙuri kan maganar tebur na shida, kuma a nan ne kawai ta yi kuka.

Mutanen Olotai sun zaci za ta yi wa Mareko baki, don kowa ya san bakin 'yar'uwa ba ya faɗuwa ƙasa. Ba ta yi ba. Bayan sati biyu ta fito da safe ta tarar da shi zaune a ƙasa kusa da kabarin uwarsu, an lulluɓe shi da babbar tabarmar dangi, yadda mai babban laifi ke yi har sai wanda aka cuta ya yaye masa. Dattawa na zaune nesa suna jira. Ta bar shi har ta gama shara, ta gama shayi. Da rana ta fara zafi ta tuna da ciwon sugarsa, ta je ta ɗage tabarmar, ta ce a ba shi ruwa. Dattawa suka yi godiya, suka ce magana ta mutu, jini ba ya rabuwa. Ta bar su suka faɗa.

Penina ta tafi a watan Agusta. Wasiƙunta na zuwa cikin ƙaramin akwatin, Leitu ke buɗewa da kanta duk ranar Juma'a. Har yanzu kowace safiya bas ɗin Mareko na tsayawa a ƙofar gidanta, kiɗa a kashe, kujerar gaba babu kowa. Yakan jira kamar minti ɗaya. Ita kuma tana tsaye a gefen titi da jakarta, ta gaishe shi da ladabi, ta tambayi ƙafarsa, sannan ta jira motar baya.

A kamfani mata na nan suna layi da kwalabensu. Kwanan baya wata sabuwar yarinya ta ga yadda take karanta sunayen magunguna, ta ce kai Inna, ai ke kamata ya yi a ce kin je jami'a. Tsofaffin ma'aikata suka jira amsar da suka saba ji.

Leitu ta ce, "An kira ni. Sau biyu."

Ta miƙa mata kwalbarta, ta ce a sha bayan abinci, ta karɓi ta gaba.